Kafin Ka Ce "Na Yafe": Haƙƙin Mai Keke Idan Mota Ta Buge Shi a Hanyar Iyaka

Yau hirarmu a kan keke take, da abin da ya kamata mutum ya yi idan mota ko mashin ya kwashe shi a kan hanya, Allah Ya kiyaye.

Wani zai ce, keke kuma, a wannan zamani na mashin? To, duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko Jibiya zuwa Ɗan Isa, ko Kwangwalam zuwa Ɗan Barto, ya san keke bai mutu ba. Ga mai nono da jarka biyu a gefe, ga mai buhun dusa a baya, ga yaro an aike shi sayo kanwar shanu. Tun da fetur ya yi tsada a Najeriya a 2023, kekunan da aka jingine a zaure sun sake fitowa. Kuma kwaltar da suke bi, ita ce dai tirela take bi.

Bari in fara da labarin gida. Baffana, ƙanen mahaifina, yana dawowa daga kasuwa da magariba a kan keke, wata a-kori-kura ta buge shi ta baya. Ta ɓangaren Nijar abin ya faru. Kafin ka ce me, jama'a sun taru. Direba ya durƙusa yana rantsuwa bai gan shi ba, dattawan wurin suka ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Direba ya zaro kuɗi, ya ce ga na mai ɗori, ga na gyaran keke. Baffa yana kwance a ƙasa, jiki da zafi, bai ma san abin da ya karye ba, ya ce, "Je ka ɗana, na yafe duniya da lahira." Aka ɗauke shi a amalanke aka kai gida. Ashe ƙugu ne ya tsage. Wata takwas yana kan tabarma. Aka sayar da sa, aka sayar da saniya mai ciki, daga baya aka ƙara da karsana. Yau da sanda yake tafiya, keke kuwa ya bar shi ke nan. Ko motar nan tana da inshora ko ba ta da ita, har yau ba mu sani ba, domin duk taron nan babu wanda ya rubuta lambarta.

Ba ina kushe yafiya ba ne, jama'a. Yafiya halin kirki ce, kuma mai ita yana da lada. Abin da nake ja da shi, yafiyar bakin titi, wadda ake karɓa daga mutum jini na zuba, kafin ya san girman abin da ya same shi. Ko a ciniki ba ka sallama sa kafin ka dube shi da rana.

Akwai masu ganin karɓar diyya kamar jayayya ce da ƙaddara. Malamanmu na Malikiyya ba haka suka karantar ba. Shari'a ta ajiye diyyar rai raƙumi 100, ko dinari 1,000. Hannu ɗaya rabin diyya ne, haka ƙafa ɗaya, haka ido ɗaya. Yatsa raƙumi 10, haƙori raƙumi 5. Kuma diyyar kuskure ake nufi, wato wanda ya yi bai yi niyya ba, kamar direban nan namu. Idan raunin kuskure ya kai sulusin diyya, dangi ne suke haɗuwa su ɗauka, ba a bar wa mutum ɗaya ba. Ka ga ke nan imani da ƙaddara bai hana a biya mai rauni ba. Idan kuma yaro ne aka buge, haƙƙin nasa ne. Uba ya tambayi malami tukuna kafin ya yafe abin da ba nasa ba.

Abu na biyu da mutane da yawa ba su sani ba: a mafi yawan lokaci ba aljihun direba za ka taɓa ba. Mu mukan tausaya masa, mu ce shi ma talaka ne, yaron wani ne. Amma a Najeriya da Nijar duka, doka ta tilasta wa duk mai mota ya yanki inshora, ko asiransi kamar yadda ake faɗa a Nijar, domin irin wannan ranar. Mai motar ya riga ya biya kamfani tun farkon shekara, domin idan motarsa ta ji wa wani ciwo, kamfanin ya biya. Idan ka yafe a bakin titi, kamfanin ka yafe wa, shi kuwa bai san ma ka yi ba.

To, yanzu ga inda iyaka ta shigo. Wurin da aka buge ka, shi ne yake nuna dokar da za a bi, ko kai ɗan wace ƙasa ne. Kuma dokokin biyu ba iri ɗaya ba ne.

Mu fara da Nijar, domin a can mai keke ya fi samun gata. Nijar tana cikin ƙasashe 14 masu dokar inshora guda, wadda ake kira dokar CIMA. An sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, dokar ta fara aiki a 1995. Binin, Kamaru, Cadi, Togo, Mali da Burkina Faso duk suna ciki, saboda haka ɗan kasuwar da yake bi ta Gaya zuwa Malanbil, abin da zan faɗa ya shafe shi a can ma. Sashe na 228 na dokar nan ya ce duk wanda abin hawa mai inji ya ji wa rauni, in dai ba shi ne yake tuƙa wani abin hawa mai inji ba, za a biya shi raunin jikinsa, ba za a kafa masa hujja da laifinsa ba. Sai fa wanda ya jefa kansa da gangan yana neman abin ya same shi. A saurara da kyau. Mai keke ba shi da inji. Ko da kekenka ba fitila, ko da kai ne ka ratso titi ba ka duba ba, kamfanin asiransin motar zai biya raunin jikinka. Laifinka yana iya rage kuɗin keken da na kayan da ka ɗauko, ko ya hana su gaba ɗaya, amma ba ya taɓa na karaya. Mai mashin ba shi da wannan gatan, domin shi direba ne, laifinsa yana rage masa diyya.

Amma duk wannan a kan takarda ɗaya yake tsaye, wato rahoton jandarma ko 'yan sanda, wanda mutane suke kira konsta. Su ne za su zo su auna wurin, su rubuta sunaye da lambar mota da kamfanin da ya yi mata asiransi. Doka ta ce su aika wa kamfanin kwafi cikin wata 3. Daga nan kamfani ne zai kawo maka tayi, kuma doka ta yanka masa wa'adi, in ya wuce akwai tara a kansa. Ba a fara zuwa kotu sai an bi ta wannan hanyar sulhun tukuna. Idan ka sa hannu a tayin, daga baya ka gane bai bi doka ba, kana da kwana 15 ka janye, amma a rubuce, ta wasiƙar gidan waya mai rajista. Wa'adin neman haƙƙin gaba ɗaya shekara 5 ne daga ranar hatsarin.

Me ake biya? Kuɗin magani da asibiti, bisa rasit. Kwanakin da ka yi ba ka iya aiki, in sun wuce 8. Nakasar da ta zauna, wadda likita zai auna kashi nawa ce cikin ɗari. Raɗaɗin da ka sha, da tabon da ya ɓata jiki. In rai ya yi halinsa, akwai kuɗin jana'iza da rabon mata da 'ya'ya da iyaye. Na san tambayar da take ran makiyayi: ni da ba ni da albashi, da me za a auna asarata? Dokar ta san da irinmu. Baligin da ba shi da takardar da ke nuna abin da yake samu, ana yi masa lissafi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda a Nijar ya koma sefa 42,000 a wata, wato jaka 42, tun farkon 2024. Gaskiya ba zai kai abin da mai garke ko babban ɗan kasuwa ya rasa ba, kuma a ganina nan dokar ta rage wa mutanen karkara. Amma ka lissafa wata takwas na baffana, ka haɗa da kuɗin asibiti da na nakasa, ka kwatanta da canjin da aka miƙa masa a ƙasa.

A tsallaka Najeriya. A nan tsarin gadon Ingila ne, kuma tushensa shi ne laifin wa. Kai mai rauni, kai ne za ka nuna cewa direba ya yi ganganci: gudu ya wuce kima, ko birki ba kyau, ko ya bar hannunsa ya shigo naka. In kai ma da naka laifin, alƙali ba ya korar ƙararka, sai dai ya rage. Misali, in ya auna asararka naira miliyan 1, ya ga kashi ɗaya cikin huɗu na laifin naka ne saboda kana tafe cikin duhu ba fitila, za a ba ka 750,000. Shi ya sa a Najeriya shaidu suke da nauyi ƙwarai, kuma shi ya sa fitilar keke da ɗan jan madubin nan na baya ba ado ba ne. Kuma in direban yaron wani ne, yana kan aikin maigidansa lokacin da abin ya faru, maigidan ma yana cikin ƙarar.

Tun ranar 1 ga Janairun 2023, hukumar inshora ta NAICOM ta mayar da kuɗin inshorar dole ta motar gida naira 15,000 a shekara, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Wannan iyakar ta dukiya ce, raunin jiki da rasa rai lissafinsu daban. Matsalar Najeriya ita ce takardun bogi, waɗanda ake saya a bakin ofis don kawai a wuce shingen 'yan sanda. Amma akwai hanyar ganewa a tsaye: a danna *565*11# a waya, a sa lambar motar, za a ga ko inshorar ta gaskiya ce. Ko ƙaramar waya mai madanni tana yi.

Wa'adi a Najeriya kowace jiha da nata, a wasu jihohin shekara 3 ce kacal ga ƙarar rauni. Amma ga wanda ya fi haɗari, kuma ina roƙo a riƙe shi: idan motar hukuma ce ta buge ka, jami'i yana bakin aikinsa, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce a shigar da ƙara cikin wata 3. Mutum yana kwance yana jiran ƙafa ta haɗe, wa'adi ya wuce bai sani ba. A irin wannan, ɗan'uwa ya tafi wurin lauya tun mai ciwo yana gado.

Wani abin da yake ruɗa mutane: an kama direba, an kai shi kotu, an ci shi tara, sai a ce ai an gama. Tara ta gwamnati ce, ba ta shiga aljihunka. Diyya sai ka nema da bakinka, ko a gaban alƙalin da yake shari'ar laifin, ko ta ƙara ta daban. A jihohin da suke da kotunan shari'ar Musulunci, kamar Sakkwato, Katsina, Jigawa da Kabi, Musulmi yana iya kai maganar rauninsa can. A Nijar kuwa, ka gaya wa alƙali kai ne mai rauni, kana neman a rubuta ka cikin shari'ar.

Idan motar wata ƙasa ce ta buge ka a taka ƙasar, ka nemi a duba kati mai ruwan ƙasa na ECOWAS, ko CEDEAO, wanda aka kafa tsarinsa a Kwatano a 1982 domin motocin da suke ƙetare iyaka. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka kada ka tsaya ga ganin katin kawai. A sa jami'i ya rubuta sunan kamfanin da lambar takardar, da sunan mai motar da garinsu, kuma kada a saki motar ta koma gida kafin an rubuta.

To, me za a yi a wurin? Mai ciwo ba zai iya komai ba, saboda haka da ku nake, abokan tafiya. Farko a ceci rai, wannan ba a jira kowa. A Najeriya a kira jami'an kiyaye haɗurra a 122, a Nijar 'yan sanda 17, 'yan kwana-kwana 18. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa. Sa'annan mutum ɗaya ya ware, aikinsa kawai lambar mota. In akwai waya a ɗauki hoto, gaba da baya, da inda keken ya faɗi, da sawun taya. In babu, a rubuta da gawayi a jikin jarka, da boko ko da ajami. A karɓi sunan mutum biyu da suka gani da ido, da lambar wayarsu. Keken kuma kada a gyara shi, a ajiye shi yadda ya lanƙwashe, shi ma shaida ne. In direba ya gudu, lambar nan za ka kai wa jami'ai, ka kuma kai wa 'yan yuniyon ko sandika a tasha, domin sun san motocin layinsu kamar yadda ka san shanunka.

Sai maganar mai ɗori. Ni ba na raina maɗora, na ga ƙafar da suka haɗa ta miƙe sarai. Amma mai ɗori ba ya ba da takarda, kuma kamfani da kotu takarda suke karantawa. A fara zuwa asibiti ranar da abin ya faru, a ɗauki hoton ƙashi, likita ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata da hatimi. Bugun kai da na ciki ma sau da yawa ba sa nunawa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Kowane rasit, ko na allura ɗaya ne, a jefa shi a leda ɗaya a ɗaure. A Najeriya, kuɗin da ka ce ka kashe sai ka tabbatar da shi ɗaya bayan ɗaya. Za a kuma nemi takardar shaidarka. Wanda ba shi da takardar haihuwa a Nijar, akwai wadda alƙali yake bayarwa a madadinta, gara a fara nemanta da wuri.

Na san dalilin da ya sa da yawa cikinmu suke gudun jandarma da 'yan sanda, ba sai mun ɓoye wa juna ba. Wani ya ƙetaro ta hanyar daji ba kati, wani abin da yake cikin jarkarsa ba nono ba ne. Sai ya ga gara ya ja ƙafarsa ya ɓace. Maganar duwan da kwastan daban take, kuma ba zan ce maka ba za ta taso ba. Amma ka auna: jarka biyu a hannu ɗaya, ƙafar da za ka yi shekara talatin kana takawa a ɗaya hannun. In kana jin tsoro, ka je da ardo, ko maigari, ko sarkin zango, wanda jami'an suka san fuskarsa.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai ƙofa. A Najeriya akwai hukumar ba da agajin lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976, kuma ƙarar hatsari tana cikin abin da take ɗauka. A Nijar akwai hukumar ANAJJ ta taimakon shari'a, a tambaya a gidan shari'a mafi kusa. A yi hankali da 'yan kamashon da suke zagaya asibiti suna cewa a dangwala musu hannu su karɓo. Duk takardar da ba a karanta maka da Hausa ko Fulatanci ba, a bakin wanda ka yarda da shi, kada yatsanka ya taɓa ta.

Idan kuma mashin ko motar da ta buge ka ba ta da inshora, wanda shi ne ya fi yawa a ƙauye, haƙƙinka yana nan, sai dai a wuyan mai abin hawan kai tsaye. A nan sulhu yakan fi kotu sauri, kuma ba laifi. Amma a yi shi a zaune, a gaban maigari ko hakimi ko alƙali, bayan likita ya faɗi girman ciwon. Abin da aka ba ka ranar farko, ka karɓa, amma ka faɗa a gaban shaidu cewa na magani ne, magana ba ta ƙare ba. In an daidaita, a rubuta nawa ne, yaushe za a biya, wa ya tsaya masa. Daga nan in ka ga dama ka yafe rabi, ko duka, ka yafe da idonka a buɗe.

Kafin lokaci ya cim mana, 'yan'uwana makiyaya, wata rana mu ne a ɗaya ɓangaren. Garke yana ƙetare kwalta da almuru, sa ya firgita ya ture mai keke, ko jaki ya yi harbi. Risala, littafin da yawancinmu muka karanta a zaure, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai kora ta, da mai jan ta, da mai hawanta. Dokar boko ta Nijar ma ta ce mai dabba shi ne da alhakin ɓarnarta, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce. Shanu kuma ba su da asiransi, daga cikin garken za a fitar. Saboda haka in za a ƙetare titi, babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kada a bar wa yara ƙanana, kuma da sauran hasken rana. In tsautsayi ya faru, a tsaya, a kai mutum asibiti, a kira ardo.

Masu tambaya su aiko ta hannun wakilanmu na kasuwanni kamar yadda aka saba, a faɗi ta wane ɓangaren iyaka abin ya faru da kuma watan da ya faru. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A sauka lafiya.